Cokali a Kofin da Ya Ƙare

Shekara ashirin da uku ina kai shayi
a jirgin ruwan da ke tsallaka Bosforus,
daga Kadikoy zuwa Eminonu, mu dawo, mu sake komawa.
Tire a tafin hagu, kofuna goma sha biyu
masu siririn ƙugu kamar an ɗaure su da zare.
Sunana Selami. Ba kasafai ake tambaya ba.

Mutum ɗari huɗu na magana lokaci guda,
tsuntsayen teku na rigima kan gutsuren burodi,
amma bari cokali ya taɓa kofin da ya ƙare
can kujerar baya, gefen taga,
na ji shi,
kamar an kira ni da sunan da uwata ke kirana.

Injin kuwa, na manta yana nan.
Sai ranar da jikata Nermin ta hau karon farko,
ta toshe kunnuwa: Kaka, me ke gurnani a ƙasa?
Na ce ba komai.
Na tsaya.
Sai ga shi ya taso ta tafin ƙafata,
ta gwiwa, ta haƙarƙari, har cikin haƙora,
dabbar da na tsufa a gadon bayanta
ban san tana numfashi ba.
Yinin nan kaina ya yi ta sarawa.
Washegari ta sake ɓata.

Lokacin da Ferhunde ta fara tari
birnin nan kaf ya kama tari.
Mai ɗaure igiya, ɗalibar da ke gyangyaɗi kan jakarta,
tsohon da ke karanta jarida a tsaye.
Ina rarrabe su ba da son raina ba:
wannan na taba ne, wannan na sanyi,
wannan kuwa, Allah ya sauwaƙe, irin na gidanmu ne,
mai zurfi, kamar guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa.
Da can ina suke?
Suna nan. Kunnena ne bai je ba.

Ta rasu wata Talata, ana yayyafi.
Tarin gari ya lafa,
sai koren kallabi ya cika tasha.
Ashe haka mata ke son kore?
Sau nawa na juya da tire a hannu
zuciya ta riga ido isa,
ido ya iso ya ce ba ita ba ce.

Jiya wani yaro ya leƙa ta kan ƙarfe, ya wuce kima.
Na cafko wuyan rigarsa,
tafasasshen ruwa ya bi mini yatsu uku.
Na miƙa shi ga uwarsa, na karɓi kuɗin kofi biyu,
na ba da canji.
Sai da muka taɓa gaɓa yatsun suka tuna.
Ashe zafi ma yakan bi layi.

Akwai wani mai farar riga, kullum jirgin ƙarfe takwas.
Ran nan dolfin uku suka yi tsalle dab da tagarsa,
baƙi, masu sheƙi, ruwa na zuba daga bayansu.
Kansa na sunkuye a waya.
Na leƙa: hoton teku yake kallo.
Ban taɓa shi ba. Wa ya san abin da ke tari a gidansa?

Yau a zangon ƙarshe ba kowa a sama.
Na zuba wa kaina ɗaya, na zauna,
abin da ban saba ba.
Ɗaci ne ya fara zuwa, sannan wani ɗan ƙamshin hayaƙi,
sannan ɗumin gilashi a kan ƙunar jiya.
Fitilun gaɓa na karyewa a ruwa, suna haɗuwa.
Na nemi injin, na same shi.
Na nemi iskar gishiri, ga ta a leɓena.
Na kusa jin wani abu kuma, bayan waɗannan,
ban san ko mene ne ba,

sai cokali ya yi ƙara a ƙasa,
na miƙe.